Na Je Kallon Kufan Wasu, Na Tuna Namu

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, labarin wata tafiya ce da na yi da ƙafata, wadda har yau Yayata ba ta daina yi mini gori a kanta ba, wai na ɗauki kuɗin kujeru na kai wa duwatsu. To ku karanta ku yi mana alƙalanci.

A watan Oktoba na 2023 ne Yaya ta ce in raka ta Istambul saro kaya, don ita sana'arta sayar da dogayen riguna da labule, ni kuma ina da ɗan Turancin sakandare da zan karanta mata rasit in rubuta mata lissafi. Maigida bai hana ba saboda Autanmu yana can Turkiyya yana karatu a garin Antaliya, ya kuma yi alƙawarin zai taso ya tare mu. Na ƙulle kuɗin adashina na wata goma da na kwasa, da niyyar in sayo yadin kujeru da labule in gyara falo, domin kujerun nan tun na aurena ne, har sun fara nuna soso.

Kwananmu uku muna zaga kasuwar Laleli sai ga Auta ya iso da wata ƙatuwar kyamara rataye a wuya. Da daddare muna cin abinci ya dube ni ya ce, "Anti, ke da kullum kike kukan ba ki da hoton da za ki sa a bangon littafinki, ga dama ta samu. Akwai wata malamar hoto da take fita da mutane bakin teku na kwana shida, mutum biyu sun fasa zuwa, ta ce in na samo wani za ta rage mana kuɗi."

Na ce, "Wane irin fita kuma?"

Sai ya yi mini bayani. Ashe a ƙasashen nan sana'a ce mai zaman kanta. Wanda ya ƙware a ɗaukar hoto sai ya tara mutane kaɗan, shida ko takwas, ya sa su a ƙaramar bas ya riƙa kai su wuraren da ya sani, yana koya musu yadda ake ɗaukar hoton dutse da ruwa da tsofaffin gine-gine. Kuɗin ya ƙunshi masauki da mota da karin kumallo da koyarwa. Ita wannan malamar gaɓar tekun Bahar Rum take bi a kudu maso yammacin Turkiyya, daga Fetiye zuwa kusa da Antaliya, yankin da a zamanin da ake kira Likiya.

Yaya ta ajiye cokali ta ce, "Ke yanzu da hankalinki ki bar kaya ki tafi kallon kufai? Kufai ne babu a Kano? In kango kike marmari bari mu koma in kai ki bayan layinmu kyauta."

Ba zan ɓoye muku ba, abin da ya ja ni ba son ilimi ba ne. Hango kaina na yi tsaye a bakin teku iska tana kaɗa mini mayafi, na ɗora hoton a waya ƙawaye suna ta tambayar ina ne nan. Na kira maigida na marairaice, ya yi shiru can ya ce, "Kuɗinki ne, tunda da Auta za ku je Allah ya kiyaye hanya, amma kada ki dawo ki yi mini maganar kujeru." Na ce na yarda.

Daga Istambul jirgi ya kai mu Dalaman cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, mota kuma ta ƙarasa da mu Fetiye. Mu bakwai ne ban da malama da direba: wasu tsofaffin Jamusawa mata da miji, wata 'yar Koriya da ba ta cika magana ba, 'yan mata biyu Turkawa, sai ni da Auta. Malamar ta kai shekara hamsin, siririya, fuskarta duk rana ta ƙona. 'Yan matan suna kiranta "Hojam", wato malamata, ni ma na bi sahu. Kowa da jakarsa ta kyamara da wani ƙarfe mai ƙafa uku da ake ɗora ta a kai kamar tukunya a murhu, ni kuwa daga ni sai wayata. Na ji kunya, amma ta ce waya ma ta isa, ido ne babba. Abin da ta ƙi yarda da shi takalmina ne, ta sa Auta ya kai ni kanti muka sayo kambas.

Da yammacin ranar ta kai mu wani dutse da ke bayan gari. Tabɗijam! A jikin dutsen can sama an sassaƙa wani abu kamar ƙofar fada, da ginshiƙai biyu da ƙyaure, ba a ɗora bulo ko ɗaya ba, duk a jikin dutsen aka fafe shi. Ta ce kabari ne na wani mutum mai suna Amintas, an yi shi wajen shekara 350 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Mutanen Likiya suna da yarensu da rubutunsu tun kafin Girkawa da Rumawa su rinjaye su, kuma sun shahara da irin waɗannan kaburbura a saman duwatsu. Muka hau matakala ina haki, ina isa na juya baya na ɗaga waya na shiga ɗaukar kaina, ta nan, ta can, da murmushi, da kallon gefe.

Al'adar tafiyar ita ce duk dare bayan cin abinci kowa ya ba da hoto uku daga cikin na ranar, a buɗe a kwamfuta kowa ya gani a tattauna. Wannan ma yana cikin dalilin da ya sa ba sa ɗaukar mutane da yawa, don a samu a duba na kowa. Da aka zo kan nawa sai ga fuskata ta cika allo, sau uku. Malama ta yi murmushi ta ce, "Kin yi kyau ƙwarai. To ina kabarin?" Aka duba aka duba, sai gefen ginshiƙi ɗaya aka hango ta bayan kunnena. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, amma wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. A daren ta kafa mini doka: duk inda muka isa, wayata ta zauna a jaka minti goma, in tsaya in kalli wurin tukunna.

Minti goma, 'yar uwa, ki gwada ki gani. Ni da nake ganin ina da haƙuri tunda na iya zaman aure shekara goma sha biyar, ashe ban iya tsayuwar minti goma ina kallon abu ɗaya ba.

Abu na biyu da na koya shi ne masu wannan harka ba sa barcin safe. A wannan watan rana ba ta fitowa a can sai bayan ƙarfe bakwai, mu kuwa tun da duhu muke fita, sau da yawa a gefen mota ni da Auta muke shimfiɗa darduma mu yi sallar asuba. Malama ta ce hasken da ake nema na ɗan lokaci ne, daga fitowar rana zuwa kamar awa ɗaya, sai kuma awa ɗaya kafin faɗuwarta. A lokacin rana tana ƙasa-ƙasa, haskenta yana zuwa ta gefe, ja-ja mai taushi, sai duk wani zane da tsaga da ke jikin dutse ya fito da inuwarsa. Da rana ta take tsaka kuwa hasken daga sama yake dukan komai, dutse ya yi fari fat kamar an watsa masa gari. Shi ya sa da hantsi, lokacin da manyan bas-bas suke sauke 'yan yawon buɗe ido hamsin-hamsin su yi rabin awa su wuce, mu mun riga mun gama muna shan shayi a 'yan ƙananan kofunan gilashi. Da azahar a huta, da la'asar a sake fita.

Hanyar kanta abin tsoro ce. Dutse a hagu, rami a dama, can ƙasa teku shuɗi shar, titin yana ta lanƙwasa kamar maciji. Wasu wuraren mota ba ta zuwa sai a ƙafa, ta wata 'yar siririyar hanya da aka yi wa alama da fenti ja da fari a jikin duwatsu. Hanyar Likiya ake kiranta, wata Baturiyar Ingila mai suna Kate Clow ce ta bi tsofaffin hanyoyin makiyaya da alfadarai ta haɗa su, aka buɗe a 1999, tsawonta ya haura kilomita 500. Mu ɗan guntu kawai muke bi, amma ƙaya ta yaga mini siket biyu. Akwai inda muka tsaya a bakin gaɓa wurin bai fi tabarma uku ba, a nan na gane da mun kai ashirin da sai wani ya tura wani.

A rana ta uku muka je Patara. Birni ne babba a da, mai tashar jiragen ruwa, a nan majalisar garuruwan Likiya take zama. Garuruwa 23 ne suka haɗa kai, babban gari yana da ƙuri'a uku, matsakaici biyu, ƙarami ɗaya, kuma zauren majalisar yana nan an gyara shi, har na zauna a kan kujerar dutsen. Akwai ƙofar gari mai baki uku, akwai hasumiyar haska wa jirage hanya da aka gina zamanin Sarkin Rum Nero wajen shekara ta 64 bayan haihuwar Annabi Isa, lokacin da muka je ana kan aikin mayar da duwatsunta ɗaya bayan ɗaya. Tun 1988 ake tonon garin, kuma abin da ya burge ni mace ce ta yi shekaru tana jagorantar aikin, wata farfesa mai suna Hawwa Ishkan. Na tambayi malama wane yaƙi ne ya ci garin. Ta ce yashi ne. Kogi yana kawo laka, iska tana turo rairayi, a hankali a hankali bakin tashar ya toshe, jirage suka daina zuwa, ciniki ya mutu, mutane suka watse. Inda jirage suke tsayawa a da yanzu fadama ce da ciyayi da kwaɗi.

Bayan kufan akwai bakin teku mai farin yashi da ya kai kusan kilomita 18, inda kunkurun ruwa suke zuwa yin ƙwai, har ma daga Mayu zuwa Oktoba ake hana mutane shiga da dare saboda su. A kan tudun yashin muka jira faɗuwar rana. A nan Auta ya nuna mini amfanin ƙarfen nan mai ƙafa uku. Ita kyamara tana da ido mai ƙiftawa, in ta ƙifta da sauri sai ta kama igiyar ruwa a tsaye cak, in kuwa aka bar idon a buɗe na 'yan daƙiƙu sai ruwan ya fito sumul kamar an zuba kindirmo. Amma fa ko numfashi ka yi ta motsa hoton ya lalace, dole sai an kafe ta. Malama kuma ta koya mini kada in raba hoto biyu daidai, rabi sama rabi ƙasa, in zaɓi wanda ya fi kyau in ba shi kashi biyu cikin uku, sannan in nemi wani abu a kusa da ni, ko dutse ko reshe, wanda ido zai taka kafin ya tafi nesa. Muka yi awa biyu a zaune, daga ƙarshe gajimare ya rufe ranar ba mu samu komai ba. Na yi tsaki. Tsohon Bajamushen nan ya naɗe kayansa yana dariya ya ce zuwansa na uku ke nan wurin.

Ranar da na fi jin tsoro ita ce ta Kekoba, don a kwale-kwale aka je, ni kuwa ko na Tiga ban taɓa shiga ba. Babu addu'ar da ban karanta ba, na riƙe hannun Auta har sai da ya ce, "Anti za ki karya ni." Tsibiri ne da girgizar ƙasa ta nutsar da gefen garinsa tun ƙarni na biyu bayan haihuwar Annabi Isa. Ana tafiya a hankali kana ganin matakalar gida ta sauko daga tudu ta shige cikin ruwa ta ci gaba, ga harsashin ɗakuna a ƙasa kifi yana yawo a ciki. Tun 1990 gwamnati ta sa wurin cikin kariya, ba a yarda a yi iyo a kan kufan ba. Ƙyallin rana a kan ruwan yana hana gani sosai, sai malama ta ciro wani baƙin gilashi da ake ɗaura wa bakin kyamara, ta riƙe mini shi a gaban wayata tana juyawa, sai ƙyallin ya ɗauke ƙasan ya fito tar. A ƙauyen Kalekoy da ke tsallake, wanda mota ba ta shiga, akwai wani kabarin dutse tsaye shi kaɗai a cikin ruwa, murfinsa kamar an kifa kwale-kwale. Matan ƙauyen suna sayar da ɗankwali mai saƙar hannu a baki-baki, na sayo wa Yaya ɗaya don in toshe bakinta.

To duk waɗannan na gan su na yi mamaki, amma wanda ya taɓa mini zuciya daban ne, kuma tun a rana ta biyu muka je shi, na ajiye shi ne sai yanzu don shi ne dalilin rubutun nan. Sunan wurin Kayakoy, kilomita takwas daga Fetiye. Shi ba tsohon kufai ba ne irin na su Patara. Gari ne na Girkawa Kiristoci da suka zauna tare da Turkawa shekaru aru-aru, sai a 1923 bayan yaƙi ƙasashen biyu suka yi yarjejeniyar musayar mutane, Kiristocin Turkiyya su koma Girka, Musulmin Girka su dawo Turkiyya. Mutum sama da miliyan ɗaya da rabi aka tasa daga gidajensu. Musulmin da aka kawo nan manoma ne, ba su zauna a gidajen kan dutse ba, suka bar su. Girgizar ƙasa ta 1957 ta ƙara rusa abin da ya rage. Yau ɗaruruwan gidaje ne jere a jikin tudu, babu rufi, babu ƙyaure, tagogi a buɗe kamar idanu.

Na shiga wani ɗaki na tsaya cika dokar minti goma. Da farko ban ga komai ba sai duwatsu da ciyawa. Can sai na lura da murhu a jikin bango, har yanzu da baƙin hayaƙi a samansa. Gefensa ga wata 'yar alkuki da aka fafe, irin inda mace take ajiye gishiri da ashana. Ga sauran shuɗin fenti a bango, ga kwatamin tara ruwan sama a bakin ƙofa. Sai na ji tsigar jikina ta tashi, don na san mace ce ta tsaya daidai inda nake tsaye, ta hura wuta a nan, ta yi wa yara faɗa a nan, wataƙila ranar da za ta tafi ma sai da ta share ɗakin. Rana ta leƙo ta taga ta sauka a kan murhun, na ciro waya na ɗauka sau ɗaya tak.

Da daddare da hoton ya fito a kwamfuta aka yi shiru. Malama ta ce, "Yau kin gani." Tsohuwar Bajamushiyar nan ta matso kusa da ni ta buɗe jakarta ta ciro wani tsohon hoto baƙi da fari duk ya lanƙwashe, ta ce madafin mahaifiyarta ne, gidan babu shi yanzu, hoton nan kaɗai ya rage mata. Sai ta ce, "Ke fa? Nuna mini gidan da kika tashi."

Na shiga waya ina ja ina ja. Hoto ya fi dubu huɗu a ciki: ga biki, ga suna, ga anko kala-kala, ga ɗaurin ɗankwali, ga abincin da na girka, ga fuskata ba adadi. Babu gidan Inna ko ɗaya.

Inna kakata ce, a hannunta na tashi a cikin birni. Gidan ƙasa ne na gado, da zaure biyu da soro mai rufin azara da zankwaye a kai, an shafe bangon waje da makuba. A ɗakinta akwai gadon ƙarfe mai rumfa, da jeren tasoshi da kwanonin samira har kusa da rufi, da randa a bayan ƙyaure wadda ruwanta ya fi na firij daɗi. A tsakar gida akwai rijiya. Inna ta rasu a 2018, aka raba gado, a 2019 aka sayar da gidan. Ba zan zargi kowa ba, magada suna da yawa kuma kowa da buƙatarsa, ni ma na karɓi rabon mahaifiyata na kashe. Bayan wata shida na bi ta layin na tarar da shaguna na bulo, na tsaya ina waige-waige na kasa gane inda ƙofar take. Kuma duk shekarun nan da waya a hannuna nake zuwa gaishe ta. Na ɗauki kaina a tsakar gidan ya fi a ƙirga, amma kullum sai na nemi inda labule ko bango mai siminti yake, don kada ƙawaye su ga ginin ƙasa a bayana. Daga baya ma da waya ta cika na goge su.

A daren ban yi barci ba. Na kira Yaya a Istambul na ce, "Yaya, rijiyar gidan Inna in an shigo daga zaure a dama take ko a hagu?" Ta ce hagu. Na ce dama. Muka yi ta musu har ta ce in ƙyale ta ta kwanta tun da kuɗin wayar ba nawa ba ne. Shekara huɗu kacal da rushe gida, jikoki biyu da suka yi wasa a bakin rijiyar sun kasa yarda da inda take. Na kwanta ina hawaye, ina tunanin na biya kuɗin adashin wata goma na zo ina ɗaukar murhun wata mata da ban sani ba, na kakata da ya ciyar da ni kuwa ban taɓa ɗaga waya na kalle shi ba. Hausawa suka ce da na sani ƙeya ce.

Sauran kwanakin na ga abubuwa da yawa. Na ga kaburburan Mira a Demre jere a jikin dutse kamar gidan sama, ƙasansu kuma rumfunan leda na noman tumatir iya ganinka. Na ga Yanartash, inda wuta take fitowa daga tsagar dutse dare da rana saboda iskar gas da ke ƙarƙashi, shekaru dubbai ba ta mutu ba. Amma duk inda muka je murhu nake nema da bakin ƙofa da inda ƙafa ta goge matakala. Malama ta lura, ranar rabuwa ta riƙe hannuna ta ce in na koma gida in fara da unguwarmu.

Na dawo Kano da ɗankwali ɗaya da kambas da siket biyu a yage. Yaya ta karɓi ɗankwalin ta kuma ci gaba da gorinta. Sati biyu da dawowata na shirya na tafi gidan Gwaggo, ƙanwar Inna, wadda har yanzu take cikin nata gidan ƙasar. Na je da sassafe, na zauna a tsakar gida minti goma waya tana jaka, har ta ce, "Ke lafiya kike kallon bango kamar baƙuwa?" Da rana ta sauka a kan randa na tashi na fara ɗauka. Ta ce, "Ikon Allah! Yarinyar nan Turai ta taɓa ki. Me za ki yi da hoton randa? Bari in sa mayafi ki ɗauke ni." Na ce, "Gwaggo za a ɗauke ki, amma a bakin murhunki nake so, da muciyarki a hannu." Ta yi ta mita amma ta zauna. Na ɗauki azara da alkuki da jere da turmi da hannunta mai lalle. Na tambaye ta rijiyar gidan Inna, ta ce ai a tsakiya take daidai, mu duka biyun mun yi ƙarya.

Da sanyi ya shigo na lallaɓa maigida ya kai ni bakin badala bayan sallar asuba. Ganuwar nan Sarki Gijimasu ne ya fara ta, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, wato ta doshi shekara 900. Kullum ina wuce ta a adaidaita ban taɓa tsayawa ba. Da hasken safe ya bugi jar ƙasar ta gefe, wallahi ba ta gaza duwatsun Likiya kyau ba, sai dai wani wurin an ɗebe ƙasarta an yi gini, wani wurin an mai da shi juji. Ita ma irin ciwon Patara ne yake cin ta, kaɗan-kaɗan, kwando ɗaya yau kwando ɗaya gobe. Maigida da ya zo yana gunaguni sai ga shi yana cewa in matsa nan inuwar ta fi kyau.

Littafina da ya fito bayan nan hoton zauren Gwaggo na sa a bangonsa. Mai buga mini ya ce ba zai saidu ba in babu fuskar budurwa, na dage. Bai fi na baya ciniki ba, bai kuma gaza su ba, amma mata uku sun kira ni suna cewa zauren ya tuna musu da gidansu.

To 'yar uwa, ban ce ki kwashi adashinki ki tafi Turkiyya ba, tafiyar tana da tsada kuma ba kowa ke da Auta a can ba. Wadda Allah ya hore wa ta samu rakiya ta je, za ta ga abin mamaki, ta kuma nemi tawagar da ba ta da yawa, ta tafi da takalmin kirki. Amma wayar da ke hannunki yanzu ta isa abin da nake roƙonki. In kina da tsohuwa a raye, ko gidan gado da bai faɗi ba, ki je da safe kafin rana ta yi zafi, ki gaishe ta, ki zauna ki kalli wurin sosai kafin ki ɗauka. Ki nemi izininta, don tsofaffi ba sa son a ɗauke su ba shiri. Ki ɗauki ɗakin yadda yake, kada ki kawar da randa ko ki rufe bangon ƙasa da zani. Sannan ki kai a wanke miki ko guda goma ne ki adana a akwati, domin waya tana faɗawa ruwa, ana kuma ƙwace ta a hanya. Ki rubuta shekara da sunan unguwa a bayan kowanne saboda 'ya'yanki.

Kujeruna suna nan da sosonsu a waje, na yafa musu zani, kuma na cika alƙawari ban yi wa maigida maganarsu ba. A saman su na rataye hoto biyu, murhun Kayakoy da Gwaggo a bakin nata murhun. Duk ranar da Yaya ta zo sai ta zauna ta dube su ta ce, "Kuɗin kujeru ke nan a bango." Amma ran nan da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce in wanke mata na Gwaggo guda ɗaya, babba.